Buhun da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Gadon Baba

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Ni ba likita ba ce, aikin ɗakin karatu na karanta a jami'a, kuma ina tsoron in faɗi wani abu ba daidai ba, wani ya ɗauka ya yi aiki da shi. Amma matan zumunta na majami'armu sun yi ta tambayata yadda ciwon Baba ya faro da yadda aka gano shi, ina ba kowace guntu-guntu, har na ga gara in zauna in tsara shi sau ɗaya. In an ga kuskure a abin da ya shafi magani, nawa ne. Babban kuskuren kuwa, wanda ya kusa raba ni da mahaifina, shi ma nawa ne, kuma saboda shi nake rubutun.

Mahaifina, Malam Bitrus, ya yi aikin gonakin gwaji a Samaru har ya yi ritaya. Yana saurayi aka haɗa shi da wani Bature mai binciken tsuntsayen da ke ɓarnar dawa, shi ke riƙe masa jaka da littafi. Baturen ya koma ƙasarsu tun ba a haife ni ba, ya bar wa Baba tsohon madubin hangen nesa da wata ɗabi'a da ba ta sake shi ba har yau. A bayan gidanmu na Hayin Dogo akwai ɗan fili mai gwaiba biyu da mangwaro ɗaya. A rassan gwaibar ya rataye ƙwarya biyar da igiya, a ƙasa ya ajiye kaskon ruwa, kuma da gangan yake barin ruwan ya malala don ƙasar ta jiƙe. Kowace safiya sai ya buɗe ɗan sitonmu, ya ɗebo tsaki a faifai, ya bakace, ya zuba a ƙoren, ya canza ruwa, sannan ya zauna a kujerarsa da shayi da littafi.

Gwara da kurciya 'yan gida ne, suna nan rani da damina. Waɗanda Baba ke jira su ne baƙi, masu zuwa idan damina ta ɗauke su zauna har sanyi ya wuce. Ya ce daga Turai suke, teku da sahara suke ƙetarowa. Akwai wani siriri mai kaɗa wutsiya sama da ƙasa in yana tafiya, Baba ya sa masa Ɗan-rawa. Akwai kuma Jar-wutsiya, wanda ba ya son a dube shi. Baƙin ba su damu da hatsi ba, ruwa da ƙwarin jiƙaƙƙiyar ƙasa ke kawo su, kuma a cewar Baba suna sauka ne inda suka ga 'yan gida sun saki jiki. Dokar littafinsa ɗaya ce: abin da ka gani da idonka shi za ka rubuta. Idan na taya shi kallo nakan ce, wataƙila Jar-wutsiya ne, ko kuma dai wani mai kama da shi. Sai ya yi dariya ya ce, "Uwata, ko sunanki aka tambaye ki sai kin ce wataƙila." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa na ci, Rifkatu. Tun rasuwar Mama mu biyu ne a gidan, yayana Dauda yana aiki a Fatakwal.

Tsakin nan ba hatsi mai kyau ba ne. Sharar 'yan hatsi ce ta kasuwar Sabon Gari, gero da dawa da ƙaiƙayi a gauraye, wani abokinsa ke tara masa. Buhun wannan shekarar ya ɗauko shi ne a ƙarshen damina, ruwa ya dake su shi da ɗan acaɓa a Kwangila. Na tuna na ce a shanya, ya ce zai sha iska da kansa. Ban sake tunawa da zancen ba.

Tari ya fara masa a tsakiyar Janairun 2006. Busasshen tari ne, ba majina. Da safe lafiyarsa lau, sai wajen la'asar jikinsa ya yi zafi, ya ce gaɓoɓinsa na ciwo, ya nemi bargo. Na ce sanyi ne, na sayo maganin tari a kemis. Da aka yi mako bai sauka ba na kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi a Sabon Gari. Aka ɗibi jini, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne da taifod, aka rubuta allurai na kwana biyar. Kullum sai mun hau bas daga Samaru, mu ratsa Palladan, a yi masa allura mu dawo. Ba zan zarge su ba, don ni ma abin da na zata ke nan. Abin da ya ɓata mini rai kawai, ba wanda ya ɗora abin sauraro a ƙirjinsa ko sau ɗaya.

Muna cikin haka, a farkon Fabrairu, rediyo ya sanar cewa an sami murar tsuntsaye a wata babbar gonar kaji da ke kan hanyar Kaduna. Wanda bai zauna Zariya a lokacin ba zai yi wuya ya gane yadda gari ya koma. Masu shayi suka daina soya ƙwai. A talabijin ana nuna mutane cikin fararen kaya har fuska suna zuba kaji a rami. Kuma aka yi ta maimaita cewa ana zargin tsuntsayen da ke zuwa daga ƙasashen sanyi su suka kawo ta. Ina jin haka na leƙa taga. Ga Ɗan-rawa a bakin kasko yana kaɗa wutsiya, ga Baba a kujera yana tari.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Maman Nkechi, mijinta ya rasu, da kajin ƙwai take riƙe 'ya'yanta huɗu. Tun ina ƙarama muke tare, ita ta wanke Mama ranar da ta rasu. Da yammar ranar da aka yi sanarwar ta shigo da farfesun kifi, ta gai da Baba, sannan ta ja ni bayan kicin. Ta ce ta ji tarinsa ta katanga, kuma duk layin nan an san gidan da tsuntsaye ke taruwa. Ta ce an ce idan aka sami mutum ɗaya da ciwon, duk kajin unguwa za a ƙone, shi kuma a kai shi wani ɗaki a Kaduna inda ko ɗansa ba zai gan shi ba.

"Rifkatu, abeg, don Allah," ta ce, tana riƙe da hannuna. "Ki sauke ƙwaryan nan. Kuma idan likita ya tambaya, ba tsuntsu a gidanku. Kajin nan su ne makarantar yarana."

Ban san ko abin da ta ji gaskiya ne ba. Har yau ban sani ba. Amma na yi ta hango Baba shi kaɗai a wani ɗaki, ana miƙa masa abinci ta ƙarƙashin ƙofa. Washegari na kwance igiyoyin, na kife kaskon, na share wurin tas. Sai na tsaya a gaban buhun. Siton ba shi da makulli, kuma na ƙudurta cewa idan masu fararen kaya suka zo, nan za su fara buɗewa. Na yi tunanin zubarwa a bola, na ji tsoron kajin unguwa su ci a ce ni ce. Na yi tunanin ƙonawa, na ji tsoron hayaƙi ya jawo tambaya. A ƙarshe na ja shi zuwa wurin da na ga ba mai kunyar da zai leƙa: ƙarƙashin gadon dattijo marar lafiya. Na tura ƙoren a bayansa, na saki zanen gado ya rufe.

Baba yana kwance yana kallona. Bai hana ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne baƙi sun yi tafiya mai nisa, bai kamata su zo su tarar da kasko a kife ba. Na ce na ɗan lokaci ne.

A mako na uku ƙanwarsa, Gwaggo Saratu, ta zo daga Muchia da kayanta ta ce sai ta ga abin da ya ture wa buzu naɗi a jikin yayanta. Ina gode mata har gobe, don ita ta riƙe gidan da wanki da girki lokacin da nake zuwa koyarwar wucin gadi da nake yi da safe a wata firamare a Palladan. Amma Gwaggo ba ta yarda da iska ba. Ta ce sanyi ne ya shige shi, ta rufe tagar ɗakinsa, ta cusa tsummoki a duk wata kafa. Ta haɗa zuma da tafarnuwa da citta, ta riƙa yi masa sirace da ganyen darbejiya. Wani dattijon majami'a ya kawo man zaitun da aka yi wa addu'a. Wata kuma ta ja Gwaggo gefe ta ce a raba masa kofi da cokali, tarin fuka ne, ba a dai son faɗa. Kowa da tasa, kuma kowa da zuciya ɗaya ya kawo.

Shi kuwa sai ƙara lalacewa yake. Zazzaɓin la'asar ya koma rawar ɗari har gado na motsi. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai ya tsaya ya dafa bango. Wandonsa ya fara zamewa. Ranar da na ga ya kasa ƙarasa addu'ar cin abinci, ya tsaya a tsakiya yana neman numfashi, na fita wurin masu waya a bakin titi na kira Dauda. Ya ce in kai shi asibitin gwamnati gobe-goben nan, zai aiko da abin da ya samu.

Mun isa da sassafe muka tarar layin kati ya kai bakin ƙofa. Na shimfiɗa wa Baba zanena a kan benci, na bi layin kati, na bi na biyan kuɗi, na dawo aka ce katin bai iso ɗakin likita ba, na koma na nemo shi da kaina. Sai bayan azahar muka shiga. Wani matashin likita ne, ga alama tun safe bai ci komai ba, amma ya saurari ƙirjin Baba gaba da baya, ya daɗe yana saurare. Ya yi tambayoyi: yana shan taba, akwai mai tari a gida, ya taɓa aikin ma'adinai. Sannan ya ɗago ya ce, yana mu'amala da kaji ko wasu tsuntsaye?

Baba ya buɗe baki, tari ya sarƙe shi. Kafin ya lafa na ce, "A'a."

Likita ya rubuta. Baba ya dube ni, ni kuwa na dubi takalmina. A cikin bas, mun wuce Kwangila, ya ce a hankali, "Uwata, ƙarya kika yi wa likita." Na ce don kada a raba mu ne.

Aka yi hoton ƙirji, aka ce akwai wani hazo-hazo a huhun amma bai nuna abu ɗaya takamaimai ba. Aka ba mu 'yan kwalabe na kai kakinsa safiya uku a jere. Ba a sami tarin fuka ba. Gwaggo ta yi guɗa a tsakar gida, ni kuwa ban taya ta ba, don in ba shi ba ne, saura abin da nake tsoro. Na fara wanke hannu har fatar ta tsage. Idan na yi atishawa sai in zauna ina ƙirga kwanaki.

A mako na biyar suka kwantar da shi, suka ce ciwon huhu ne, aka sa masa ruwa da allurai. Abin mamaki, kwana biyu kawai sai ga Baba zaune yana cin tuwo. A rana ta huɗu yana zagaya ɗakin yana yi wa maƙwabcin gadonsa bayanin hankakin da ke sauka a kan tankin ruwa. Aka sallame mu ranar Juma'a, muka yi ta godiya ga Ubangiji, Maman Nkechi har da rawa. Ranar Asabar da la'asar rawar ɗari ta dawo, ta fi ta da.

Muka koma ranar Litinin. Aka canza magani mai tsada, wanda sai da na zagaya kemis huɗu a Sabon Gari kafin na samu, abin da Dauda ya aiko ya ƙare a kansa. Ya sake warwarewa cikin kwana uku. Aka sake sallamarmu. Wannan karon kwana ɗaya ya yi a gida. Na dawo daga makaranta na tarar da Gwaggo a ƙofar ɗaki tana salati irin namu, tana kiran sunan Yesu, Baba kuwa yana zaune a bakin gado ya dafa gwiwoyi, leɓɓansa sun yi toka-toka, kafaɗunsa na hawa da sauka. Wani maƙwabci mai tasi ya kai mu. Aka sa masa abin shaƙar iska a hanci. Wata nas ta ce mini in kira 'yan uwa su sani, ba ta ce don me ba, ni ma ban tambaya ba.

Washegari babbar likitar ƙirji ta zo zagaye da ɗalibanta. Hajiya ce mai ɗan shekaru, ba ta da yawan magana. Ta karanta fayil ɗin tun daga farko, ta koma baya ta sake karantawa. Ta tambayi ranakun da aka sallame shi da ranakun da ya dawo. Sannan ta cire tabarau ta dube ni.

"Ƙanwata, sau biyu yana warkewa a nan, sau biyu yana komawa gida ya faɗi. Ina shakkar maganinmu ne ke warkar da shi. Me ke cikin gidan nan da babu shi a nan?"

Na ce ban sani ba, wataƙila sanyi, ko kuma ruwan rijiya. Ta ce in je in yi tunani, za ta dawo jibi. Wannan tambayar ta bi ni har bas, ta bi ni har gida.

Da zan tafi Baba ya ɗaga abin hancin ya ce in kawo masa littafinsa, yana ƙarƙashin matashi. Na same shi a can. Ban yi niyyar buɗewa ba, don a zatona tun ranar da na sauke ƙoren ba abin da zai rubuta. Sai na ga shafukan a cike. Kowace rana da kwanan wata, da rubutunsa da ya fara karkacewa. Taga, gwara shida. Taga, kurciya biyu, ɗaya gurguwa. Jar-wutsiya a kan katanga, bai sauko ba, ba ruwa. A gefe kuma, da ƙananan baƙaƙe: ƙirji ya riƙe da la'asar. Kwanakin da yake asibiti ne kawai babu komai.

Na durƙusa na ɗaga zanen gadon. Bakin buhun a kwance yake, ga kofin roba a ciki. Na sa hannu, tsakin da ɗumi kamar an ajiye shi kusa da murhu, ya dunƙule, wani abu toka-toka mai kore-kore ya lulluɓe shi. Da na motsa shi wata ƙura ta tashi mai warin tsohon ɗaki, na yi ta tari. Na duba tagar baya, wadda ke kallon katanga inda ba mai gani. An zare tsummokin Gwaggo an mayar, a dakalin tagar kuwa ga ƙaiƙayi da kashin tsuntsaye.

Daga baya Baba ya gaya mini yadda yake yi. Idan na tafi makaranta, Gwaggo kuma tana wanki, sai ya miƙa hannu ya ɗebo kofi ɗaya. Ba faifai, ba ƙarfin bakace, sai ya zuba a tafin hannu ya riƙa hure ƙaiƙayin da bakinsa, kaɗan-kaɗan, a ɗakin da aka toshe ko'ina. Sannan ya buɗe taga ya zuba, ya rufe, ya kwanta a kan buhun har wata safiyar.

A lokacin ban san fumfuna na iya yin wannan ba. Abin da na gani shi ne bai daina taɓa tsuntsaye ba, kuma ni na hana likitoci sani. Na zauna a ƙasan ɗakin na daɗe. Sannan na tashi na shiga gidan Maman Nkechi. Tana cikin kejin kaji tana tsintar ƙwan da ba mai saye. Na ce mata jibi zan faɗa wa likita komai. Ta ajiye kwandon, ta ce na san abin da zai biyo baya? Na ce ban sani ba, amma an sa masa iska a hanci, kuma an ce in kira 'yan uwa. Ta dubi kajin.

"Je ki faɗa," ta ce. "In sun zo, sun zo. Ni ma na kasa barci da tarin nan."

Ban jira jibi ba. Washegari na tsaya a ƙofar ofishin likitar tun safe har ta fito daga ganin marasa lafiya. Na miƙa mata littafin, na faɗa mata duka: ƙoren, baƙin, ƙaryar da na yi wa ƙaramin likita, buhun. Ina magana ina jiran ta ja baya ta rufe hanci. Ba ta yi ba. Ta jera ranakun littafin da na fayil, tana bi da biro. Ta ce za su ɗauki samfuri daga maƙogwaronsa don a cire shakka, amma murar da nake tsoro ba ta sakin mutum ranar Laraba ta sake kama shi ranar Asabar. Ta ce in kawo mata tsakin cikin leda a ɗaure. Da na kawo ta ɗaga shi a hasken taga, ba ta ko kwance ba.

Yadda na fahimci bayaninta, kuma ina roƙon a tambayi likita kada a tsaya a kan nawa: akwai mutanen da huhunsu ba ya jure ƙurar hatsin da ya yi fumfuna, wani lokaci har da ƙurar gashin tsuntsaye da kashinsu. In sun shaƙa da safe, sai bayan wasu sa'o'i huhun ya kumbura, zazzaɓi ya zo. In an raba su da abin sai su warware. In aka daɗe ba a raba su ba, huhun yakan yi tabo, tabon kuma ba ya gogewa. Ta ce ta fi zargin buhun, amma ba za ta rantse ta wanke tsuntsayen ba.

Na tambaye ta, da na faɗi gaskiya tun ranar farko, da bai kai haka ba? Ta ce ba za ta iya sani ba. Sannan ta ce, "Amma da mun tambayi abin da yake ba tsuntsayen." Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, ina ji da ya fi mini sauƙi.

Aka fara ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi farare, aka ce za a riƙa rage su a hankali, kada a kuskura a tsayar rana ɗaya. Aka ce kada ya koma sai an gyara gidan. Maman Nkechi ce ta ɗaure fuska da ɗankwali, ni ma haka, muka ja buhun muka haƙa rami a bayan fili muka binne. Muka fitar da katifa, Gwaggo ta ce a shanya, na ce a ƙone, kuma karon farko a rayuwata ban ce wataƙila ba. Muka wanke ɗakin da ruwan zafi tun daga silin, muka bar tagogi a buɗe mako guda. Gwaggo ta zare tsummokinta da kanta tana share hawaye, tana cewa ita da ta zo taimako. Na ce mata ba ita ta kai buhun ɗakin ba.

Sakamakon samfurin ya daɗe kafin ya dawo, kuma ba a sami komai ba. Masu fararen kaya ba su taɓa zuwa layinmu ba. Kajin Maman Nkechi ba a ƙone su ba, ba su kuma yi ciwo ba, sai dai watanni ba mai sayen ƙwai, ta kasa ciyar da su, ta rabar da yawancinsu a arha. Abin da muka ɓoye don mu tsare, bai tsaru ba.

Baba ya dawo gida a ƙarshen Maris. Fuskarsa ta ɗan kumbura saboda ƙwayoyin, yana cin abinci kamar ɗan makaranta, yana faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mun kwana uku ina bin sa da ido duk la'asar, ina taɓa goshinsa har ya gaji ya ce in bar shi ya sha iska. Zazzaɓin bai dawo ba. Amma numfashinsa bai koma yadda yake ba. Daga gida zuwa majami'a, tafiyar da yake yi yana waƙa, yanzu sai ya tsaya sau biyu. Likita ta ce mai yiwuwa haka zai zauna. Ta hana shi taɓa hatsin tsuntsaye, ta hana shi share ƙarƙashin bishiya, ta hana shi shiga sito. Da ya tambaye ta kallo fa, ta ce kallo daga nesa ba ta hana ba, in dai an ga jikinsa bai motsa ba.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka, in zai ɗauki wani abu. In mutum yana warkewa a asibiti yana faɗuwa a gida, a duba gidan. Hatsin da ruwa ya taɓa kada a ajiye shi inda ake kwana, ko na kaji ne ko na awaki. Kuma abin da likita ya tambaya a faɗa masa, ko da ana tsoron abin da zai biyo baya. Ni na yi tsoron ciwon da ake faɗa a rediyo, na kwantar da mahaifina a kan wanda ke kashe shi.

Ni na mayar da ƙoren, amma a kan mangwaro, can ƙarshen fili. Gwaggo ke aiko da acca mai tsabta daga wurin 'yan garinmu a Muchia, mudu ɗaya-ɗaya, ina ajiye ta a gwangwani mai murfi. Ni ke wanke kasko, ni ke barin ruwa ya malala. Sai dai a wannan shekarar mun makara. 'Yan gida sun dawo cikin kwana biyu, baƙi kuwa ko ɗaya. Baba ya ce lokacin tafiyarsu ya yi, ko kuma sun sami wani gidan. Ya faɗe shi ba tare da ya dube ni ba. Duk daminar nan ban daina tunanin ko za su sake zuwa ba, ko kuma shi zai kai lokacin.

Wata safiya a Oktoba yana zaune a bakin taga da madubinsa, ni ina tsakar fili da bokiti, sai na ji ya ƙwanƙwasa gilashi a hankali. Na tsaya cak. A bakin kasko, inda ƙasa ta jiƙe, ga wani siririn tsuntsu yana 'yan gudu-gudu, yana tsayawa, wutsiyarsa na sama da ƙasa. Na lallaɓa na shiga ɗaki. Baba ya miƙo mini littafin da biro.

"Me kika gani, Uwata?"

Na ce Ɗan-rawa ne.

"Wataƙila?"

Na ce a'a, shi ne. Na rubuta kwanan wata, na rubuta Ɗan-rawa, ɗaya, bakin kasko. Baba ya karɓa ya duba, ya ja numfashi iya inda ya tsaya masa, ya ce in koma in ƙara ruwa.